Kun Tambaya, Mun Amsa: Kai Yara Birnin Pari

Tun da babban hutu ya matso, wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga Damagaram da kewayenta suka karkata wuri ɗaya, wato Pari, babban birnin Faransa. Mun tsamo guda bakwai. Sunayen tashoshi da na wurare mun bar su yadda suke a allunan garin, domin da su za ku yi tambaya. Lissafin kuɗi kuwa mai sauƙi ne: yuro 1 sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka.

Assalamu alaikum. Ɗana yana aiki a Pari, ya ce mu je mu yi sati biyu, ni da uwargida da jikoki uku masu shekara 3, 7 da 12. Daga ina zan fara? Wani Alhaji daga Zango.

Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da takardu, tiken jirgi ya jira. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai a rufe yake tun watan Janairu na 2024, kuma hukumomin ƙasar sun mayar da aikin ga ƙananan ofisoshinsu na ƙasashen yankin. Ke nan akwai wata tafiya kafin tafiyar, sai a sa kuɗinta da kwanakinta cikin lissafi. A shafin France-Visas ake cika takarda a intanet, daga nan a nemi randebu. Ana iya ajiye takardu tun saura wata 6 a tashi, kuma mu shawararmu kada a bari ya gaza wata 3.

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kyauta. Jikanka mai 12 ya shiga sahun manya, har da ɗaukar zanen yatsu, don haka dole ya je da kansa. Ku biyar yuro 315 ke nan, kusan jika 207, kuma ba a mayarwa idan an hana. Kowa da fasfonsa har ɗan ƙaramin, ya zama da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Sai asirans ɗin lafiya da ya kai yuro 30,000.

Abu biyu ne suka fi kayar da irin tafiyarku. Na farko takardar masauki, wadda ake kira attestation d'accueil: ɗanka ne zai karɓo ta a ma'aikatar magajin garin unguwarsa, ya aiko da ita kanta, hoton waya ba ya yi. Na biyu, tun da jikoki ne ba ƴaƴa ba, a haɗa da takardar amincewar uwa da uba da aka buga wa hatimin hukuma, da takardun haihuwa. Dillalin da ya ce zai samo muku bizar wata ƙasar Turai alhali Faransa za ku zauna, ku rabu da shi. Ƙa'ida ita ce a nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa, kuma ɗan sandan filin jirgi yana da ikon tambaya, yana da ikon mayar da mutum.

Kwana 6 gare mu, yara huɗu. Na rubuta wurare goma sha biyar da nake so su gani. Zai yiwu? Wata Hajiya daga Birni.

Hajiya, a rage. Wuri babba ɗaya a rana, da safe, sai lambu da yamma. Pari garin tafiyar ƙasa ne da hawa matakala da tsayuwar layi, kuma yaron da aka ja wurare uku a yini ɗaya, washegari kuka zai tashi da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin ki raba kwanakin ki san ranakun rufewa. Ran Talata gidan tarihi na Louvre da ɗakunan nuni na lambun Jardin des Plantes ba sa buɗewa. Ran Litinin fadar Versailles, da gidan tarihi na Quai Branly, da gidan kimiyya na Cité des sciences, da cibiyar al'adun Larabawa ta Institut du monde arabe a rufe suke. Yawancin gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne ga wanda bai kai shekara 18 ba, ko ɗan wace ƙasa ne, amma inda ake kama lokaci shi ma sai an cire masa tikensa na kyauta.

Hasumiyar Eiffel, tun da mun san ita ce ta ɗaya a takardarki: an gama ta a 1889, tsayinta yanzu mita 330. Hawa uku gare ta, na farko a mita 57, na biyu wajen mita 115, ƙololuwa a mita 276. A sayi tike a shafinta na intanet tun da sauran makonni, mai ɗauke da rana da awa. Zuwa ƙololuwa ya haura yuro 35 ga babba, fiye da jika 23, kuma sai an sake bin wani layin asansar a hawa na biyu, ga iska mai sanyi, ga cunkoso, wani lokaci ma a rufe ta idan iska ta yi ƙarfi. Mai ƙananan yara hawa na biyu ya ishe shi, daga nan ne ma ake gane gine-gine da kogin Seine sosai. A saukowa a tsaya hawa na farko. Akwai wurin da daɓensa gilashi ne, yaro zai ɗora ƙafa ɗaya a hankali yana riƙe da zanenki, ya leƙa ya ga mutane a ƙasa kamar tururuwa. Masu ƙarfin gwiwa suna iya hawa da ƙafa har na biyu, matakala 674, kuma ya fi araha. Da dare kowace awa fitilunta suna ƙyalƙyali na minti 5, an fi ganinsu daga dandalin Trocadéro. Sai dai a watan Yuni da Yuli duhu ba ya yi sai bayan ƙarfe 10, don haka a bar yara su yi barcin rana a wannan ranar.

Ranar da ƙafa ta gaji a shiga jirgin ruwan yawo a kogin Seine. Awa ɗaya ne, kowa a zaune, za a wuce Louvre da majami'ar Notre-Dame wadda ta yi gobara a 2019 aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Wata yammar kuma a kai su lambun Luxembourg, inda ake hayar ƙananan jiragen ruwa na katako masu ƙyalle. Ana ba yaro jirgi da sanda, ya tura shi cikin tafkin, iska ta ɗauke shi, shi kuma ya zagaya da gudu ya tare shi a wancan gefen.

Ni malamin lekol ne. Ina so yarana su dawo da ilimi, ba hotuna kawai ba. Ina zan kai su? Wani malami daga Mirya.

Malam, da za a ce mu zaɓa wa iyalin Damagaram yini ɗaya tak a Pari, unguwar Jardin des Plantes za mu ce. A ɗauki layi na 7 na metiro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, a sauka Censier-Daubenton ko Place Monge. A wuri ɗaya akwai lambu, gidan dabbobi, gidajen tarihi, masallaci da wurin cin abinci na halal, duk ba tare da an sake shiga mota ba.

Lambun tun 1635 yake, asalinsa gonar itatuwan magani ce ta sarki, kuma shigarsa kyauta. A fara da Grande Galerie de l'Évolution da an buɗe ƙarfe 10. Daga ƙasa ƙasusuwan manyan kifayen teku ne a rataye. A hau bene ɗaya sai ga ayarin namun dajin Afirka da aka busar aka tsayar, giwa a gaba, raƙuman dawa da jakunan dawa da ɓauna suna biye, kamar sun nufi mashaya. Yaron da aka nuna wa raƙuman dawa a Kure kan hanyar Yamai zai gane su tun daga nesa.

A ɗaya ƙarshen lambun akwai Galerie de Paléontologie, ginin 1898, kuma nan ne abin da ya sa muka nace. Cikin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe akwai wani kada da aka tono a Gadufawa, cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Masana suka raɗa masa Sarcosuchus imperator a 1966, ɗaya daga cikinsu Philippe Taquet, wanda ya yi aikin tono a wurin. Tsawonsa ya haura mita 9, kansa kaɗai wajen mita ɗaya da rabi. Ka tsayar da yaro daidai bakinsa, ka sa ya karanta allon da kansa har ya ga sunan ƙasarsa, sannan ka tambaye shi: me kada yake yi a hamada? Daga nan darasi ya buɗe, domin inda rairayi yake yau koguna ne a wancan zamani. Ginin tsoho ne, ana rufe shi don gyara, sai a duba shafinsu kafin a yi wa yara alkawari. In da hali, tun a Yamai a biya da su gidan tarihi na Bubu Hama su ga ƙasusuwan da ke can, gani ya kori ji.

Gidan dabbobin lambun, wanda aka kafa a 1794, ƙarami ne. Babu giwa babu zaki, akwai birai da damisoshi da tsuntsaye da macizai, awa ɗaya da rabi ta isa.

Da azahar ta yi a tsallaka titi ɗaya, ga Babban Masallacin Pari. An buɗe shi a 1926, shekarar da aka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram aka mayar Yamai, kuma an gina shi ne don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko suna yi wa Faransa yaƙi. Hasumiyarsa mita 33. Ƙofar masallata tana place du Puits-de-l'Ermite, akwai wurin alwala da ɓangaren mata. Ƙofar gidan shayi da abinci kuma tana ɗaya gefen, wanda ke kallon lambun. Ran Juma'a a zo da wuri, yana cika maƙil.

Idan da sauran rana guda, Cité des sciences a Porte de la Villette, shi ma kan layi na 7. Can yara suke taɓa komai da hannunsu, su tare ruwa su sake shi, su ɗaga kaya da na'ura, har da tsohon jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku da ake shiga cikinsa. Sashen yara da lokaci ake shiga, a kama tun daga gida.

Ina da goyo da wasu biyu ƙanana. An ce jirgin ƙarƙashin ƙasa da wuya. In sayi keken tura jariri? Wata uwa daga Sabon Gari.

Malama, zanenki da majanyinki sun fi keken. Metiron Pari tun 1900 yake, yawancin tashoshinsa matakala ce zalla, layi na 14 ne kaɗai ke da asansar a kowace tasha. Mai goyo a baya hannunta biyu a sake suke, ta riƙe yaro dama da hagu. In dole sai da keke, to mai naɗewa mara nauyi, kuma a fi shiga bis.

Wanda bai kai shekara 4 ba kyauta ne, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. Tiken babba wajen yuro 2 da rabi ne, ana loda shi a kati mai suna Navigo Easy da ake saye yuro 2, kuma kowa da katinsa, mutum biyu ba sa wucewa da ɗaya. Akwai na sati, wajen yuro 32, wanda ya haɗa har filin jirgi da Versailles da filin wasan yara na Disneyland. Ana sa shi a katin Navigo Découverte na yuro 5, sai an manna ƙaramin hoto, don haka a zo da hotuna daga gida. Satinsa daga Litinin zuwa Lahadi ne, ba daga ranar saye ba. Wanda ya sauka ran Alhamis ya saya, kwana 4 kawai zai mora.

Hanya da sunan tashar ƙarshe ake gane ta. A layi na 6, misali, ko dai Nation ko Charles de Gaulle-Étoile, sai ki duba taswira ki ga wanne ne gefenki. Wannan layin a sama yake bi ta gadar Bir-Hakeim, a zaunar da yara bakin taga su ga Eiffel.

Ga inda ake samun matsala. Ƙofar shingen tike tana rufewa da sauri, yara su fara wucewa kina bayansu. Idan ƙarar rufe ƙofar jirgi ta fara, kada kowa ya shiga, wani yana zuwa bayan ƴan mintoci. A koya wa yara tun a gida: wanda jirgi ya bari ya tsaya inda yake, wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka tasha ta gaba ya tsaya. A matakala mai tafiya da kanta a tattare bakin hijabi da zane da babbar riga, haƙoranta suna kama tufa, kuma a tsaya dama a bar hagu ga masu sauri. Daga 8 zuwa 9 da rabi na safe, da 5 zuwa 7 na yamma, lokacin ma'aikata ne, a kauce. Jaka a gaba, waya kada ta kwana aljihun baya. Masu miƙo takarda wai a sa hannu, da masu ɗaura wa mutum zare a hannu a gindin tudun Montmartre, da masu cacar kofi uku kusa da Eiffel, duk a wuce su ba tsayawa.

Daga filin jirgin Charles de Gaulle da kaya da yara, taksi ya fi. Kuɗinsa ƙayyadadde ne, wajen yuro 56 zuwa 65 gwargwadon gefen kogin da za a je. A bi allo har layin taksi a waje. Wanda ya tare ki a cikin gini yana tayi, ba na hukuma ba ne.

An ce Louvre cike yake da gumaka da hotunan tsiraici. Ya dace in shiga da ƴaƴana mata? Wani uba daga Garin Malam.

Gaskiya aka faɗa maka, Malam. Ɗakunan Girka da Rum da na zanen Turawa haka suke, kuma ko a hanyar wucewa sai an gamu da wasu, har a lambun Tuileries da ke gabansa. Hukuncin naka ne. In ka yanke shiga, ka karɓi taswira a ƙofa ka nufi wurare uku: sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, mai dardumai da tasoshin tagulla da rubutun Larabci daga Andalus har Indiya, sashen Masar ta Fir'auna a ɓangaren Sully, da manyan bijimai na dutse masu fikafikai daga ƙasar Iraƙi a ɓangaren Richelieu. Awa 2 a fito. Shahararren zanen nan na Mona Lisa santimita 77 ne a kan 53, yana bayan gilashi, gabansa taro, yaro ba ya ganin komai sai ƙeyar manya. Tun farkon 2026 baƙon da ba daga Turai yake ba yuro 32 yake biya, kusan jika 21.

In ranka bai kwanta ba, Institut du monde arabe yana nan, ga littattafai da kayan aunin taurari na malaman da, kuma rufinsa a hawa na 9 ana hangen gari kyauta.

Zan iya tafiya da kilishi da cuku? Yaya batun abinci da salla? Kuma ni mai niƙabi ce. Wata Hajiya daga Magarya.

Hajiya, kilishi da dambun nama da cuku da man shanu duk a bar su gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, ko busasshe ne, za a ƙwace, ana iya cin tara. Madarar gari ta jarirai an yarda har kilo 2. Ɗanyen mangwaro da makamantansa su ma sai da takardar hukuma. Kayan miya ba sai an wahala ba, a Château Rouge kan layi na 4 akwai kasuwar ƴan Afirka, kuɓewa da gero da tattasai da mahautan halal.

A kanti a karanta bayan kwali. Porc, jambon, lardons da saucisson alade ne. Gélatine a alewar yara sau da yawa daga shi take. Vin da rhum giya ce, tana shiga miya da kek. Ruwan famfo ana sha, a gidan abinci a ce carafe d'eau a kawo kyauta.

Niƙabi kuwa, doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, tarar tana kaiwa yuro 150. Hijabi da mayafi da fuska a buɗe babu mai hana ki a titi ko a gidan tarihi. Ki san wannan tun kafin a biya kuɗin biza.

Alƙibla a Pari gabas maso kudu take, saɓanin nan da muke karkata arewa kaɗan. Lokutan salla suna tafiya da nisa: ƙarshen Yuni magariba wajen ƙarfe 10 saura, a Disamba kafin 5. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ya fi namu da awa ɗaya, sauran wata biyar daidai muke. Ba a shimfiɗa darduma a titi, a tsara yini yadda azahar za ta riske ku kusa da masallaci ko masauki, kuma a tambayi malami hukuncin ƙasaru kafin a tashi. Babu buta a ban ɗakunansu, a riƙa yawo da ƙaramar gora. Ban ɗakin kan titi kyauta ne, amma idan wani ya fito kada a tura yaro nan take. Ƙofar za ta rufe, ɗakin ya wanke kansa da ruwa, sai fitila ta koma kore a shiga.

Duk wanda zazzaɓi ya kama a can, a gaya wa likita daga Nijar aka zo, a yi gwajin cizon sauro. Lambar gaggawa 112.

Yara sun dame ni da Disneyland. Kuma wane irin kaya za mu ɗauka? Wata uwa daga Matamai.

Disneyland ba cikin Pari yake ba, wajen minti 40 ne a jirgin RER A. Layin yana rabuwa biyu, a tabbata allo ya nuna Marne-la-Vallée-Chessy. Yini guda cur yake ci, kuɗinsa yana canzawa da rana, na Asabar da Lahadi ya fi tsada, wanda bai kai shekara 3 ba kyauta.

Kaya kuwa, ko a watan Yuli da zafi ke kaiwa wajen digiri 25 a ɗauki rigar sanyi da ta ruwa, domin ruwan sama ba ya da wata. Janairu ya fi hunturunmu nesa, ga danshi, ga gajeriyar rana, ba lokacin kai ƙananan yara ba ne. Takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, sabo yana sa kanta tun ranar farko. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai lambar waya da adireshin masauki.

Kafin ki sayi tiken Disneyland ki jingina kowannensu da bango ki auna shi da mitar tela. Manyan lilo da tsayi ake shiga, wani mita 1.02, wani 1.20, wani har 1.40, kuma ma'aikacin ƙofa da sandar awonsa yake tsaye. Wanda bai kai ba a gaya masa tun a Matamai waɗanda zai hau.